Kimiyya A Yau: Gilashi Ya Zama Ɗan Aike

Ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna ɗauke da saƙonnin gado, watau umurnin da suka gada daga uwa da uba. Idan aka sami kuskure a saƙo guda, cuta na iya samuwa. Haka sikila take, wadda aka ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya. Masana sun iya rubuta saƙon gyara, amma isar da shi cikin ƙwayar, nan gizo ke saƙa.

Tun da can bairas ake horewa a ɗora masa saƙon, gama shiga ƙwayar jiki sana'arsa ce. Amma wannan ɗan aike yana da haɗari da tsada. A 1999 wani saurayi ya rasu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka bayan an gwada masa irin wannan magani. Lyfgenia kuwa, maganin sikila mai hawa bairas da Amurka ta amince da shi a Disamban 2023, dala miliyan 3.1 aka sa masa.

Cikin sababbin 'yan aiken da ake gwadawa har da gilashi. Asalinsa, a 1969 Farfesa Larry Hench na Jami'ar Florida ya haɗa wani gilashi wanda kashi 45 cikin ɗari sinadarin yashi ne, sauran sodiyam da kalsiyam da fosforas. Jiki ba ya ƙyamarsa. A hankali yake narkewa, ƙashi ya tofo ya manne da shi. A shekarun 1980 aka fara gyaran ƙasusuwan kunne da shi.

A 2004 masana a ƙasar Sin suka ƙera irinsa mai ɗimbin ƙananan ramuka. Yanzu akan yi shi gari, ƙanƙanta fiye da ƙwayar jiki nesa ba kusa ba, a maƙala masa saƙon gado. Ƙwaya ta haɗiye shi, ya narke, saƙo ya fita. A Jami'ar Dankook ta Koriya ta Kudu an aika saƙon gina ƙashi ta wannan hanya, aka ga ƙashin ɓeraye ya cike.

Kada mai jinya ya yi saurin murna: aikin yana ɗakin gwaji tukuna, kuma ƙashi ya fi shafa, ba jini ba. Amma ko nan akwai rabo, domin sikila takan cinye ƙashin kwatangwalo ta gurgunta matasa.

Abuja ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu ita ta haɗa Niprisan, maganin sikila, daga masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace. An fara yinsa a Sheda a 2006, amma kamfanin ya karye a 2008, magani ya yanke wa marasa lafiya shekara da shekaru. Ilmi bai gaza ba, riƙo ne ya gaza.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Tarayya ta haɗa masanan Idu da na Sheda da na Jami'ar Abuja a kan wannan bincike, da kuɗin da ba zai yanke ba. Yashi da farar ƙasa dai ba a rasa su a ƙasar nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.