ALLI DA ALLO: Ina Baƙo Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Sauka?

A wannan wata zan ɗan jingine maganar 'yan lakwal da iyayensu, domin akwai wata hira da muka yi da wani abokina wadda ta ƙi fita daga raina, na ga ya dace in kawo ta gabanku mu tattauna.

Shi wannan aboki nawa tare muka yi makarantar horon malamai. Da aka raba mu wuraren aiki, shi aka tura shi ƙauye, ni aka bar ni nan Garwa. A shekarar 2023 Allah Ya ci da shi, sunansa ya fito cikin malaman da hukumar JICA ta ƙasar Japan ta ɗauka zuwa kwas na 'yan makonni a kan koyar da lissafi. Da ya dawo na je yi masa barka da hanya. Ni dai abin da na sani game da Japan bai wuce motar Toyota da babur ɗin Yamaha ba, sai kuwa labarin mutanen ƙauyen Nakatsue, waɗanda suka yi kwanaki suna jiran 'yan ƙwallonmu a 2002, da suka iso a makare kuma suka tarbe su hannu bibbiyu. Saboda haka na gyara zama in sha labarin dogayen benaye da jirgin ƙasan nan nasu mai gudu kamar harsashi. Sai ya ce da ni, "Malam, wallahi duk abin da na gani babu wanda ya tsaya mini a rai kamar wani ɗan ɗaki da na kwana biyu a cikinsa a birnin Osaka."

Ya ce an kai su ziyarar makarantu ne, aka sauke su a irin otal ɗin da ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa suke sauka idan aiki ya kai su wani gari. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa ƙofar otal ɗin tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Ɗakin bai fi murabba'in mita 12 ba, wato ajin da nake koyarwa a ciki ya yi biyar ɗinsa. Gado ya cinye rabin wurin, har sai da ya tura akwatinsa ƙarƙashin gado kafin ya sami inda zai shimfiɗa darduma. Amma fa a cikin wannan ɗan akurki akwai tebur da fitilar karatu, da butar dafa ruwan shayi, da ƙaramin firji, da silifa, da rigar barci a ninke. Zanin gado fari ƙal. Ban ɗaki kuwa kamar akwati aka ƙera shi aka kawo aka ajiye, ga ruwan zafi ga na sanyi, masan ma da kansa yake fesa ruwan tsarki, ba sai ka nemi buta ba.

Kuɗin kwana ɗaya Yen 7,000 ne, wajen jika ashirin da takwas ke nan a kuɗinmu na Sefa. Mu a nan kuɗi ne masu kauri, amma ga ma'aikacin can wannan masaukin talaka ne. Farashin a rubuce yake, abin da aka gaya wa Bajapane shi aka gaya masa, ba a dubi fatarsa ko hularsa an ƙara masa ko anini ba. An ba shi rasit ba tare da ya roƙa ba. Da safe akwai shinkafa da miya da shayi a cikin kuɗin, kuma babu ma'aikacin da ya tsaya yana sosa ƙeya yana jiran na goro. Abin da ya ba shi wahala biyu ne: tantance abincin da ba alade a ciki, da kuma neman alƙibla, domin a can gabas ta koma yamma, mai salla wajen faɗuwar rana yake fuskanta, ya ɗan karkata arewa.

Na bincika na tarar wannan sana'a ce mai zaman kanta a ƙasar. Alal misali, kamfanin Toyoko Inn ya buɗe otal ɗinsa na farko a unguwar Kamata ta birnin Tokyo a 1986, yanzu yana da fiye da 300, yawancinsu a bakin tashoshin jirgin ƙasa, kuma galibin manajojinsu mata ne. Asirin araharsu shi ne sun zauna sun tambayi kansu me matafiyi yake bukata, suka ba shi wannan, suka zubar da sauran. Ba zauren biki, ba tafkin wanka, ba yaro mai ɗaukar kaya. Ɗakuna ƙanana ne don bene ɗaya ya ɗauki da yawa, kuma fasalinsu ɗaya a ko'ina, ta yadda wanda ya taɓa kwana a na wani gari ya san abin da zai tarar a na gaba. Wanda ma wannan ya fi ƙarfinsa akwai nasa, domin a 1979 aka fara buɗe wani irin masauki a Osaka ɗin nan, inda mutum yake hayar ɗan gurbi daidai tsawon gadonsa.

Yana cikin ba ni wannan labari hankalina ya koma shekarar 2009, lokacin da na tafi Yawunde bin dosiyena. Duk malamin da ke karanta wannan fili ya san wannan tafiya. Ka hau mota daga Garwa zuwa Gaundare, ka hau jirgin ƙasa da yamma, ka kwana kana gyangyaɗi a kujera, ka wayi gari a babban birni da ambulan a hammata da 'yan canjin da ka ranto. Na yi niyyar kwana biyu, na yi tara. Wani mai taksi ya kai ni wani masauki da ba zan faɗi sunansa ba. Da mai karɓar baƙi ya dubi rigata da hulata ya ji harshena, sai ya faɗi kuɗin da daga baya na ji ya kusa ninka na wanda yake ɗakin da ke kusa da nawa. Ƙofa ba ta da sakata, da kujera na tokare ta. Zanin gado kuwa ban iya kwanciya a kansa ba, rawanina na warware na shimfiɗa. Ruwa sai an sayo a bokiti. Da dare ya raba na gane cewa yawancin ɗakunan gidan haya ake ba da su da awa, ana shiga ana fita har asuba. Na kwana da takarduna a ƙirji, idona biyu. Kashegari da na je sallar azahar a unguwar Briqueterie, wani dattijo mai sayar da yadi ya ji daga inda na fito, ya ce, "Haba ɗana, kana da mu a garin nan ka je ka kwana a can?" A zaurensa na ƙarasa sauran kwanakin, bai karɓi ko dala ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.

To, abin da dattijon nan ya yi mini gado ne ya tarar. Tun zamanin fatake, Bahaushe bai san otal ba, fatoma ya sani. Ayari ya sauka a zango, kowane falke yana da mai masaukinsa. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi, ya shiga tsakani idan rigima ta tashi, shi kuma ya sami la'adarsa idan ciniki ya faɗa. Da wannan tsari goro da shanu da kanwa suka yi ta kai da kawo tsakanin Kano da Gwanja, da Sabon Ibadan, da nan bakin Binuwai. Jarin fatoma amana ce. Ranar da aka ce kayan baƙo sun ɓace a gidansa, ranar kasuwarsa ta mutu.

Sai dai mu gaya wa kanmu gaskiya, wannan tsari yana ja da baya. Gidajen yanzu ba a yi musu zaure, an maye gurbinsa da shago ko gareji. Rayuwa ta yi tsada, mai gida da kansa lissafin mudu yake yi. Ga kuma halin tsaro, tun da fitinar Boko Haram ta taɓa Arewa Mai Nisa mutane suke ɗari-ɗari da baƙon da ba su san asalinsa ba, kuma ba a ga laifinsu ba. Bugu da ƙari, baƙin yanzu ba fatake ba ne da za a ci la'ada a kansu. Yaro ne ya zo daga Poli ko Tcholliré rubuta jarrabawar shiga wata makaranta. Mace ce ta kawo mijinta asibiti, za ta yi mako biyu tana jinya. Manomin auduga ne ya zo bin wata takarda. Ɗalibi ne sabon shiga Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, bai riga ya sami ɗaki ba. Waɗannan a ina suke kwana? Ku zaga tashoshin mota da barandar asibiti da ƙofofin masallatai bayan sallar lisha, za ku ga amsa shimfiɗe a kan kwali.

Mu mutanen Rumde Ajiya mun ga wannan da idonmu a watan Janairu na 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka. Filin wasan unguwarmu ne ya karɓi rukunin Nijeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau. An gyara manyan otal, an gina sababbi, 'yan wasa da manyan baƙi sun sami wurin da ya dace da su, kuma wannan abin alfahari ne. Amma ranar 11 ga wata, da Nijeriya ta ci Masar ɗaya da nema, 'yan kallon da suka tsallako daga Yola da Mubi da yawansu a zaurukanmu da shagunanmu da cikin motocinsu suka kwana. Ni kaina samari huɗu na sauke a ɗakin karatuna. Gari ya tanadi wurin mai kuɗi, mai ƙaramin ƙarfi kuwa an bar shi da Allah da mutanen kirki.

Na san wani zai ce, "Malam, ina Garwa ina Osaka? Su wutarsu ba ta ɗaukewa, famfonsu ba ya ƙafewa, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40." Gaskiya ne, kuma ba na cewa a kawo mana masai mai fesa ruwa. Amma ku sake duba abin da ya burge abokina. Sakata nawa take a kasuwa? Wanke zanin gado bayan kowane baƙo, sabulun nawa zai ci? Rubuta farashi a allo a rataye a ƙofa, alli nawa zai ƙare? Randa biyu cike da ruwa, da buta, da gidan sauro, da 'yar fitila mai aiki da hasken rana, da kibiya a bango mai nuna alƙibla, wanne ne a ciki sai an yi odarsa daga Japan? An ce araha ba ta ado, to mun yarda, amma ba a ce araha ba ta wanka ba.

Babban abin da ya fi waɗannan duka shi ne mutunci. A wurinmu kalmar otal ta ɓaci, har idan aka ga malami ko matar aure suna fitowa daga ƙaramin masauki sai a fara zunɗe. Dalili kuwa shi ne masu irin waɗannan gidaje da yawa sun gwammace kuɗin awa da kuɗin kwana, sun haɗa da mashaya a ƙofa. Da haka suka kori mafi yawan masu bukatarsu. Wanda duk ya fara buɗe gida mai ɗaki goma ko goma sha biyar kusa da tasha ko asibiti, ba giya, ba hayar awa, da ɓangaren mata daban a hannun dattijuwa mai kamun kai, da littafin rubuta sunan baƙo da lambar katinsa kamar yadda hukuma take so, ina tabbatar muku ɗakunansa ba za su kwana ba kowa ba. Ina kira ga alhazanmu da suke ta gina shaguna har sun fi masu haya yawa, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da kwamitocin masallatai masu filin wakafi, su dubi wannan. Sana'a ce, kuma lada ce. Su ma hukumomin gari su taimaka da sauƙin haraji ga wanda ya cika sharuɗɗan tsafta, su riƙa zagayawa suna dubawa.

Kafin mu rabu na tambayi abokina ko akwai abin da ya rasa a can. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kwana biyu na yi a gidan nan, babu wanda ya tambaye ni na kwana lafiya da nufin ya ji amsa. Na'ura ce ta karɓi kuɗina, na ci abinci ina kallon bango. Da zazzaɓi ya kama ni, ban san ƙofar da zan buga ba." Wannan kuwa mu muke da shi, dattijon Briqueterie ya nuna mini. Ashe kowa da rabin da ke hannunsa: su suna da tsari da tsafta, mu muna da sannu da zuwa. Abin tsoro shi ne namu rabin yana zubewa alhali ba mu ɗauko nasu ba.

Mu tuna dukkanmu baƙi ne a wani gari. Ɗan da kake ji da shi, gobe shi ne zai sauka a tashar Yawunde ko Duwala da ambulan a hammata, ba wanda ya san shi. Irin ɗakin da kake so ya samu a can, shi ya kamata ɗan wani ya samu a nan Garwa.

Wanda yake da labarin wani masauki, mai daɗi ko marar daɗi, ya rubuto mana ta ofishin wannan jarida, za mu buga ba tare da ambaton suna ba. Sai mun sadu a wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.