Ra'ayinmu: Amana ba ta hana faɗin gaskiya

Daga Maraɗi zuwa Jibiya, da yawanmu da finafinan Indiya muka taso. Kowa ya san Sholay na 1975, inda Jai ya ba da ransa don Veeru ya tsira. Amma a ganinmu, Namak Haraam na 1973 ya fi kama da zaman kasuwa. Ma'anar sunan: wanda ya ci gishirinka ya butulce maka.

Rajesh Khanna ya fito a Somu, wanda ya saje da ma'aikatan masana'antar mahaifin amininsa da sunan ƙarya, don ya karya ƙungiyarsu. Da ya ɗanɗani wahalarsu, sai ya goya musu baya. Abota ta ɓaci, daga ƙarshe aka kashe shi.

To, wa ya ci amana? Tambayar tana rumfunanmu kullum: yaron shagon da maigida ya sa ya tauye mudu, dillalin da amininsa ya roƙa ya ɓoye aibin saniya. Cin gishirin mutum bai wajabta taya shi cuta ba. Kasuwar kan iyaka da bashi da alkawari take tafiya. Ranar da aka daina yarda da bakinmu, jari ya karye. Allah ya haɗa mu da abokin da zai ce mana "bari".