DAGA BAKIN ZAURE: Wa Ya Yanka Maka Kuɗin Wutar Wata?

A wannan wata ina so mu tattauna a kan wata magana wadda babu gidan hayar da ba ta shiga ba a nan Zongo, wato kuɗin wutar lantarki, ko kuran kamar yadda bakinmu ya saba.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kira ni sulhu a wani gida da ke bayan layinmu. Gidan yana da 'yan haya biyar, amma kontar ɗaya ce, wato abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa mita. Wakilin maigida ya bi ɗaki ɗaki yana sanarwa cewa daga wata mai kamawa kowa zai riƙa ba da jika 6 na wuta maimakon jika 4. Sai wata dattijuwa wadda mijinta ya rasu, mai sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ta tare shi.

Ta ce, "Ɗana, ni ban ƙi biya ba. Amma ka gaya mini yadda aka yi jika 4 ta zama 6."

Ya ce, "Inna, ai kowa ya san wuta ta yi tsada."

Ta ce, "Na ji ta yi tsada. To, ƙwan fitila biyu da fanka ɗaya gare ni. Maƙwabciyata kuwa firizarta ba ta hutawa dare da rana, ƙanƙara take sayarwa. Da wane mudu aka auna mu har muka zo daidai?"

Wakili ya rasa ta cewa, mai ƙanƙara ta fito ta ce da ita ake, kafin ka ce kwabo tsakar gida ta cika. Ni kuwa da na zauna na saurari kowa, sai na ga babu ɓarawo a cikinsu. Abin da babu shi ne lissafi a fili.

Mai karatu, wannan tambaya ta Inna ba a Zongo kaɗai ake yin ta ba. A Ingila da Faransa, inda 'ya'yanmu da yawa ke zaune, gidaje masu yawa ba sa jiran takardar faktir kafin su biya. Mutum yakan ba kamfanin wuta izini ya riƙa cire wani adadi tsayayye daga asusunsa na banki kowane wata. Yadda kamfanin ke yanka wannan adadi kuwa ba wani sihiri ba ne. Zai duba wutar da gidan ya ci a watanni 12 da suka wuce, ya ɗauka cewa kusan haka zai ci a shekara mai zuwa. Sai ya buga ta da farashin yau, ya ƙara kuɗin da ake biya kullum don layi ko an kunna ko ba a kunna ba, sa'an nan ya raba gida 12. In akwai tsohon bashi a kan mutum sai a watsa shi cikin watannin, in kuwa rara gare shi sai a rage masa.

Hikimar abin ita ce, a can lokacin sanyi gida kan ci makamashi ninkin ba ninkin saboda ɗumama ɗaki, lokacin zafi kuwa kaɗan. Da biya ɗaya tsayayye, rarar watannin zafi ita ke cike giɓin watannin sanyi, magidanci kuma ya san abin da zai fita daga aljihunsa. A Faransa sau ɗaya a shekara akan fitar da faktir ta daidaitawa, a gwada abin da aka biya da abin da aka ci a zahiri. Wanda ya biya fiye a mayar masa, wanda ya gaza ya cika.

To amma ko a can ɗin an yi rigima. A watan Afrilun 2022 farashin makamashi na gidaje a Ingila ya tashi da kashi 54 cikin ɗari a lokaci guda. Hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin, wato Ofgem, ta bincika ta gano cewa gidaje kimanin 500,000 an ninka musu kuɗin wata ko ma fiye, sai ta umarci kamfanonin su sake duba lissafin waɗannan mutane. Dalili kuwa, kuɗin wata ƙiyasi ne, ba shi ne ainihin bashin ba. Duk abin da ya haura wutar da aka ci, kuɗin mai gida ne da ke ajiye a hannun kamfani. Haka kuma a ƙasar akwai ƙa'ida cewa mai gidan haya ba shi da ikon sayar wa ɗan haya wuta fiye da yadda shi ya saye ta.

Mu dawo gida. A nan Togo kamfanin CEET, wanda aka kafa a 1963, shi ke raba wuta, kuma hanya biyu muka fi sani. Akwai tsohuwar kontar da ma'aikaci ke zuwa ya karanta, a kawo faktir daga baya. Akwai kuma ta biya kafin sha, wadda kamfanin ya raɗa wa suna Lafia, inda mutum ke sayen lambobi a ofis ko ta wayar hannu, ta Flooz ko ta Mixx wadda a da ake kira T-Money, ya zo ya danna. Saboda haka yawancinmu ba kamfani ne ke yanka mana kuɗin wata ba. Maigida ne, ko wakilinsa, ko wani ɗan haya da ya fi kowa daɗewa. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birnin Lome a 1977 aka dawo da jama'a nan arewacin gari, unguwa take ta faɗi, ɗakunan haya suna ƙaruwa, kontar ɗaya tana ɗaukar ƙofa biyar, wani wuri ma goma. Ke nan aikin da kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ke yi a Turai, a nan mutum ɗaya ke yin sa da ka, ba takarda ba alƙalami.

Wakilin nan bai yi ƙarya ba da ya ce wuta ta yi tsada, domin a watan Mayun 2025 an ƙara farashinta. Ƙasarmu ta daɗe tana sayen wuta daga maƙwabta ta hannun CEB, hukumar da Togo da Benin suka kafa tare a 1968. Manya ba su manta da 1998 ba, shekarar da ruwan madatsar Akosombo ta Gana ya ja baya muka kwana cikin duhu. Tun daga nan an ƙara tashoshi a kan madatsar Nangbeto ta 1987, kamar ta ContourGlobal a 2010, da ta Kekeli da ta hasken rana a Blitta a 2021, amma iskar gas da man da injuna ke sha ba kyauta ake samun su ba. Ban da wannan, farashin wutar gida hawa-hawa ne: kilowat na farko-farko sun fi araha, in aka haura wani mataki sai kuɗin ya ƙaru. Gidan da mutum biyar suka taru a kan kontar ɗaya yakan tsallake matakin araha tun wata bai yi nisa ba. Ga kuma haraji da sauran 'yan kuɗaɗen da ke kan takarda. Duk wannan gaskiya ne, amma bai amsa tambayar Inna ba. Tsada daban, rabo daban.

Yanzu bari mu yi lissafin da muka yi a tsakar gidan nan, na kuma ɗan daidaita lambobin don a ji daɗin bi. Kilowat ɗaya da kontar ke ƙirgawa shi ne abin da kayan wuta mai wat 1,000 ke ci cikin awa ɗaya. Ƙarfin kowane kaya yana rubuce a jikinsa ko a kwalinsa. Ƙwan fitila irin na zamani mai wat 10, in ya yi awa 6 a kunne kullum, a wata zai ci kilowat 1.8. Mu kira wannan kaso ɗaya. Fanka mai wat 60 da ke juyawa awa 10 kullum za ta ci kilowat 18, wato kaso 10. Talabijin mai wat 60 na awa 5 kullum, kilowat 9, kaso 5. Firiza mai wat 150, in injinta ya yi aikin rabin yini da dare, za ta ci kilowat 54, kaso 30 ke nan.

A nan ne tsohuwar al'adarmu ta ƙirga fitila ɗaya, fanka biyu, firigo uku ta tsufa. An tsara ta ne a zamanin ƙwai mai zare na wat 60, wanda shi kaɗai ke cin abin da ƙwai shida na yau ke ci. Fitila ta rage ci, firiza ba ta rage ba, mu kuwa muna nan da tsohon mudu.

Mun tattara takardu da saƙonnin waya na watanni 12, muka gyara su da farashin yanzu, jimla ta kama jika 360. A raba 12, jika 30 ke nan a wata. Inna tana da ƙwai 2 da fanka, kaso 12. Mai ƙanƙara tana da ƙwai 3, fanka, talabijin da firiza, kaso 48. Sauran ƙofa uku masu ɗaki da falo, kowanne ƙwai 5, fanka da talabijin, kaso 20 20. Jimla kaso 120, kowane kaso ya tashi sefa 250. Saboda haka Inna jika 3, mai ƙanƙara jika 12, sauran jika 5 5. Ashe rabon jika 6 6 zai sa Inna ta biya ninkin haƙƙinta, maƙwabciyarta kuma rabin nata. Ga shi jimlar wakili daidai take, jika 30 cif, rabon ne ya karkace.

Me ya sa za a ɗauki shekara guda, ba wata ɗaya ba? Saboda mu ma muna da namu sauyin yanayi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu fanka ba ta tsayawa, ruwan sanyi kuma kowa na nema, balle azumin 2024 da na 2025 da suka faɗo cikin watan Maris. A Yuli da Agusta kuwa gari kan yi sanyi, wasu har su manta da fanka. Wanda ya yanka kuɗin wata da faktir ta Maris ya cuci 'yan haya a Agusta, wanda ya yanka da ta Agusta kuwa zai kwana da bashi a Maris.

Ga shawarata ga masu gidaje da wakilansu. Na farko, a sayi littafi guda na wuta, duk faktir ko saƙon sayen Lafia a rubuta kwanan wata da adadinsa, kowane ɗan haya yana da ikon dubawa. Na biyu, ranar ɗaya ga kowane wata a karanta kontar a gaban mutum biyu. Na uku, in za a ƙara kuɗi a ba da sanarwar wata guda tare da dalili, a ce farashi ne ya tashi ko kaya ne suka ƙaru. Na huɗu, wanda shi ne babba, a sa ranar daidaitawa, ko bayan wata shida ko a ƙarshen shekara. Rarar da ta taru amana ce, ba ribar maigida ba ce: ko a mayar, ko a rage daga watan gaba. Ɗan hayar da zai tashi ma a yi masa nasa lissafin kafin ya miƙa makulli.

'Yan haya kuma ku ji taku. Wanda ya sayo dutsen guga ko abin dafa ruwa ya ɓoye a ƙarƙashin gado, ya sani wat 1,000 ko fiye yake ja, awa ɗaya tasa ta cinye wutar ƙwai ɗaya ta rabin wata, kuma maƙwabcinsa ne ke biya masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kontar za ta tona. Mai sana'a da wuta, ko ƙanƙara ko ɗinki ko cajin waya, abin da ya fi masa kwanciyar hankali shi ne a sa masa ƙaramar kontar ta cikin gida, wadda masu gyaran wuta ke kira adisiyonez, in hali ya samu kuma ya nemi tasa daga kamfani. A guji jan waya daga gida zuwa gida kamar saƙar gizo, domin abin da ake gudun biya bai kai asarar gobara ba.

A gidan da na ba ku labari, mai ƙanƙara ta yi shiru da ta ga lambobin, can ta ce, "Inna, ki yafe mini, wallahi ban san haka ba ne." Ta nemi a sa mata ƙaramar kontar don ta san abin da sana'arta ke ci, ta kuma san yadda za ta yanka kuɗin ƙullin ƙanƙara. Littafin wuta yanzu yana hannun wani ɗalibi a gidan. Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, amma in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Wanda ke da wata hanyar rabo da ta fi wannan a gidansu, ya rubuto mana, za mu buga don kowa ya amfana. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.