Tsohuwar 911 Da Masu Sauke Injinta A Kamba

Duk wanda ya saba bin hanyoyin da suka ratsa ƙasar Dandi, daga Kamba zuwa ƙauyukan bakin Kogin Kwara, ko ya tsallaka Bagudo ya nufi Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Benin, ya san inda kwalta ke ƙarewa yashi da taɓo su karɓa. A irin waɗannan wurare ne tsohuwar babbar mota mai zagayayyen hanci, Mercedes 911, take da sauran daraja. Samfurinta mai jan ƙafa huɗu ya yi wa rundunonin soja da na kashe gobara hidima a ƙasashe da dama kafin gwanjo ya miƙa shi hannun masu dakon shinkafa da albasa.

Abin da ya raya ta har yau shi ne injinta. Kamfanin ya fara ƙera motocin wannan siffa a 1959, ya kuma fito da injin OM 352 a 1964: silinda shida, lita 5.7, mai shan man gas. Babu kwamfuta a jikinsa. Bakanike mai kunne yakan saurari ƙararsa ya faɗi inda ciwon yake, ya kwance shi a ƙarƙashin inuwar dogon yaro, ya mayar.

Sai dai zaman banza ya fi aiki cin inji, kuma motocin wannan yanki sun sha zama. An rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilu 2022. Juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya sake jawo rufewa har zuwa Maris 2024. Motar da ta yi damina biyu a tsaye, raɓa ta taru a tankinta, tsatsa ta kama bangon silinda, ringi ya liƙe, robobi sun bushe. Mai gaggawa yakan ɗaura batir ya murɗa makulli, ya ƙarasa abin da tsatsa ta fara. Gwani kuwa cire nozul yake yi, ya ɗura mai a kowace silinda, ya bari ya kwana biyu yana ratsawa, sannan ya juya injin da hannu a hankali. Idan ya ƙi juyawa, sai saukewa.

A nan ne nake ganin matsalarmu take. Kwancewa da ɗaurawa ba su gagari kanikawanmu ba. Awo ne ya gagara. Tazarar da ke tsakanin kirankshaf da kwanonsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma ido ba ya ganin wannan, komai tsufansa a sana'a. Silindar da ta cinye sai an rarake ta da na'ura an sa fistan da ya fi girma. Famfon injekta, wanda ke raba wa kowace silinda rabonta na mai a daidai lokacinsa, sai an ɗora shi a kan teburin gwaji. Idan aka saita shi da ka, motar za ta tashi, kowa ya yi murna, amma baƙin hayaƙi da shan mai za su cinye ribar mai ita kafin inji ya sake bugawa. Shi ma man abin dubawa ne. Tun da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamba 2019, direbobi suka koma wa jarkokin 'yan bumburutu, kuma ruwa da ƙurar da ke cikin jarka su ne manyan abokan gabar famfo.

Ga kuma kayan gyara. An yi zamanin da ANAMMCO ke harhaɗa manyan motocin Mercedes a Inugu, tun daga 1980, Steyr na yin nata a Bauci. Yau mai mota yana aika kuɗi Ƙofar Ruwa a Kano, ya jira ringi da gasket, ba ya sanin na ƙwarai ne ko jabu sai bayan an ɗaura. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta sa na ƙwaran ya zama sai wane da wane.

Wani zai ce a bar tsohuwar ta huta, a sayo sabuwa. Da wane kuɗi? Kuma sabuwar, in ta lalace a dajin Ka'oje, wa zai karanta kwamfutarta? Buƙatar ba ta kai girman sayen motoci ba. Teburin gwajin famfo ɗaya, na'urar wasa kirankshaf ɗaya, da kayan awo, a wata cibiya a Kamba wadda ƙungiyar kanikawa za ta riƙe, sun isa su rage wa masu motoci doguwar tafiya da ɓarnar kuɗi. Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi tana iya karɓar yaran gareji na 'yan makonni ta koya musu karanta ma'auni, ba tare da neman takardar sakandare ba. Iyayen gidansu, waɗanda suka san wannan inji ciki da waje, yawancinsu furfura ta cika musu kai, kuma yaran da ya kamata su gaje su kabu-kabu ya fi jan hankalinsu, domin kuɗinsa a yini yake zuwa.