Labari Daban, Siyasa Daban



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Gujungu ya san mai hatsi ba ya kasa kayansa a kara, mai awaki kuma ba ya ɗaure su a layin 'yan tufafi. An raba su ne domin mai saye ya san inda zai dosa. Mu masu koyon rubutu a nan muka fi sakaci. Sai mu zuba labari da siyasa a kwano ɗaya, mu miƙa wa mai karatu shi ya yi ta tsinta.

Mu ɗauki ambaliya. A daminar 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa. A irin wannan lokaci, abin da manomi a Jahun ko Miga yake son ji shi ne wace hanya ce ta yanke, wane ƙauye ya tashi, a ina mutane suka fake. Amma da yawanmu kafin mu kai jimla ta biyu mun ambaci jam'iyya. Daga nan sai magoya baya da 'yan adawa su kaure da cacar baki, a manta da mai gonar.

Asarar da ta fi wannan ita ce ta amana. Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF suke aiki a babban asibitin Jahun, suna karɓar haihuwa, suna yi wa mata aikin yoyon fitsari kyauta. Labari ne da ya kamata ya isa kunnen kowane magidanci. To amma idan an san mai kawo shi da zama sojan bakan wani ɗan siyasa, jama'a da dama ko kallon rubutunsa ba za su yi ba, sauran kuma su ɗauka kamfe ne. Matar da ke fama da lalurar a ƙauye ita ke kwana a ciki.

Wani zai ce ai ambaliyar ma siyasa ce. Gaskiya ne. Yadda ake sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa, da ciyawar kacalla da ke toshe hanyoyin kogin Haɗeja, duk abubuwa ne da ya dace a titsiye masu mulki a kansu. Marubucin da ya yi gum a nan bai sauke nauyin da ke kansa ba. Abin da muke cewa shi ne kowanne a ba shi muhallinsa. Ku dubi gidan rediyon Freedom na Kano: shirin Inda Ranka na rahotanni ne, Kowane Gauta kuma fagen 'yan siyasa. Mai sauraro ya san da wane kunne zai saurari kowanne.

Saboda haka kafin mu saki rubutu, mu auna shi. Idan labari ne, ya faɗi abin da ya faru, a ina, yaushe, kuma daga bakin wa muka ji. Kalmomi irin su "azzalumai" da "jagoran talakawa" ba su da gurbi a ciki. Idan ra'ayi ne, mu rubuta "Ra'ayi" ɓaro-ɓaro a samansa, mu sa sunanmu, mu kawo hujja. Idan kuma al'amari ɗaya ya ƙunshi duka biyun, mu yi rubutu biyu, labarin ya riga fita.

Ga awo mai sauƙi: ka ba ɗan jam'iyyar da kake so da ɗan wadda ba ka so labarinka. In dukansu suka ce haka aka yi, to ka rubuta labari. In ɗaya ya yi tafi ɗaya ya yi tsaki, koma ka sake tankaɗe.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa.