Jinjina ga Masu Tono Labarin Yahudawan Tuwat da Tambutu

Duk almajirin da ya zauna zauren malami a ƙasar Kano, daga Sharifai har Rurum Sabon Gari, ya taɓa jin sunan Shehu Magili. An faɗa mana ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa littafi kan abin da ya wajaba ga sarakuna, ya wuce Katsina, ya isa Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. An faɗa mana Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi sun dogara da rubuce-rubucensa. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne abin da ya baro a bayansa kafin ya keto Sahara: tsohuwar al'ummar Yahudawa ta garin Tamantit, cikin dausayin Tuwat a kudancin Aljeriya ta yau, wadda ƙarshenta ya zo a hannunsa.

Jinjinata ta farko ga malaman Musulunci ce, domin su suka hana labarin ɓacewa. Al-Wansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya tattara fatawowin rikicin Magili da Yahudawan Tamantit a cikin al-Mi'yar, na masu goyon bayan Magili da na masu saɓa masa, bai zaɓi masu daɗi ya watsar da sauran ba. Ahmadu Baba na Tambutu kuwa, a Nailul Ibtihaj, ya rubuta tarihin Magili cikin girmamawa, amma bai ɓoye cewa Shehun ya sa ladan miskali 7 na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude ba. Malami ya rubuta wannan game da malamin mazhabarsa, ai wannan amana ce babba, kuma ba kowane marubucin tarihi na yau ne zai iya ta ba.

Yahudawan nan ba baƙin jiya ba ne a Tuwat. An samu dutsen kabari mai rubutun Ibrananci na shekarar 1329 a yankin. A 1447 wani ɗan kasuwa daga Jenowa ta Italiya, Antonio Malfante, ya aika wasiƙa daga Tuwat yana cewa Yahudawa na da yawa a can, suna zaune lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, ciniki kuma yana hannunsu. 'Yan'uwansu na ƙetaren teku ma sun san ƙasar baƙar fata sarai: taswirar nan ta 1375 da ke nuna Mansa Musa riƙe da curin zinariya, ana danganta ta ga Abraham Cresques, Bayahuden tsibirin Mayorka. Hanyoyin ayarin da suka yi arziki a kansu su ne daga baya suka riƙa ɗaukar baƙin zanen marinanmu zuwa arewa, kuma ɗan Rano bai kamata ya ji wannan kamar labarin nesa ba, tunda Kano da Rano aka sani da sarakunan baba a cikin Hausa Bakwai.

Rikicin kansa na fikihu ne. Magili ya ce Yahudawan sun warware amanarsu: ba sa biyan jiziya yadda shari'a ta tsara, suna hawa da sutura irin ta masu mulki, sun shige jikin manya, kuma majami'arsu ba ta da hurumin tsayawa a garin da Musulmi suka kafa. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a, 'yan amana ne, majami'ar ta daɗe, a ƙyale ta. Aka aika tambaya Fas da Tilimsan da Tunis. Ibn Zakri na Tilimsan ya ƙi yarda a rushe. Al-Tanasi ya goyi bayan Magili, al-Sanusi ya yaba masa. Da amsar da Magili yake jira ta iso, wajajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Andalus, aka rushe majami'ar, aka kashe wasu, wasu suka musulunta, saura suka watse. Daga baya, yana Gawo, labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat, ya nemi Askiya ya kame mutanen Tuwat da ke garin. Alƙali Mahmudu ɗan Umaru na Tambutu ya tsaya ya ce ba a kama marar laifi da laifin wani, aka sake su. Ni a ganina al-Asnuni da Alƙali Mahmudu sun cancanci a san sunansu a zaurukanmu kamar yadda aka san na Magili. Su ma Malikawa ne, su ma da hujjarsu daga littafi.

Jinjina ta biyu ga marigayi John Hunwick, Baturen Ingila da ya koyar a Ibadan, ya rasu a 2015. Ya fassara amsoshin Magili ga Askiya a 1985, sannan a 2006 ya fitar da ƙaramin littafi kan ƙarshen al'ummar Tamantit, yana bin nassin Larabci layi-layi, ba tare da ya mai da Magili dodo ko ya wanke shi ba.

Ta uku ga Isma'ila Diadié Haïdara na Tambutu. Matafiyi Hasan al-Wazzan ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Songhai ba ya barin Bayahude ya zauna a Tambutu, har dukiyar mai hulɗa da su yake ƙwacewa. Duk da haka sun koma. Wajen 1860 wani malamin Yahudawa ɗan kasuwa daga Akka ta Maroko, Mordekai Abi Serur, ya zauna a garin da danginsa na wasu shekaru. Haïdara ya bi takardun ciniki da na gado, ya bi ƙauyukan bakin Kwara, ya tarar da iyalai Musulmi masu sallah da azumi waɗanda suka san kakanninsu Yahudawa ne amma suka daɗe suna rufe baki. A 1993 aka kafa ƙungiyar Zakhor ta irin waɗannan iyalai, a 1999 ya fitar da littafinsa da Faransanci. Wannan aiki sai mai ƙarfin hali.

Sai dai yabo ba ya hana tankaɗe. Tarihul Fattash ya ambaci rijiyoyi da kaburburan Bani Isra'ila a Tindirma, amma ambaton tsohon littafi daban, hujjar da aka tono daban. Mu da muka tashi da labarin Bayajidda daga Bagadaza da kirarin Autan Bawo mun san yadda al'umma ke son jingina asalinta da gabas. Kowace da'awar asali a auna ta da takarda, ta Tambutu da tamu duka.

Na san wani zai ce, ana zubar da jinin Falasɗinawa, wane ne ke da lokacin Yahudawan Tuwat? Fushin nan halal ne. Amma maƙeran zinariya da fataken Tamantit sun rayu sun mutu shekaru fiye da 450 kafin kafa ƙasar Isra'ila a 1948, kuma labarinsu yanki ne na tarihin malamin da muke alfahari da shi. Wanda ya karanta rabin Magili bai san shi ba.

Ga sauran aiki, kuma namu ne. Abin da aka rubuta kan batun nan da Larabci ne da Turanci da Faransanci. Mai karatun Hausa a Rurum ko Kibiya yana buƙatar nasa. Sashen Tarihi da na Larabci a Jami'ar Bayero, da Gidan Arewa a Kaduna, suna da mutanen da za su iya fassara fatawowin al-Mi'yar na wannan rikici zuwa Hausa, ɓangarorin biyu, da sharhi. Sannan akwai gafakokin da ke rataye a gidajen malamai a ƙasar Rano, waɗanda magada da yawa ba su san abin da ke ciki ba. A Janairun 2013 an ƙona dubban rubutattun littattafai a Cibiyar Ahmadu Baba ta Tambutu, mafi yawan abin da ya tsira kuwa ya tsira ne saboda wasu sun riga sun kwashe shi zuwa Bamako. Mu nan ba 'yan bindiga ke cinye namu ba, gara ce da yoyon damina. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta tura ɗalibai gida-gida da izinin magada, a ɗauki hoton kowace takarda, a rubuta sunan littafi da na mai kwafe shi, a bar asalin a hannun masu shi.