Mu Leƙa Turanci: Mene Ne Ping-pong?

Kalmar da za mu duba a wannan wata ita ce ping-pong, wadda yara ke faɗa a filin wasa, manya kuma ke ji a ofis, amma ba abu ɗaya suke nufi ba.

Asali dai sunan ƙwallon tebur ne, wato wasan nan da mutum biyu ko huɗu ke buga 'yar ƙwallo mara nauyi a kan tebur mai raga a tsakiya. Daga ƙarar ƙwallon aka samo sunan, kamar yadda Bahaushe ke cewa abu ya faɗi tim. A Ingila aka fara wasan, wajen ƙarshen ƙarni na 19, a gidajen masu hali bayan cin abincin dare. A 1901 kamfanin Jaques na Landan ya yi wa sunan rajista, ya zama nasa, daga baya ya sayar wa kamfanin Parker Brothers ikon amfani da shi a Amurka. Da suna ya zama kayan kamfani, sai ƙungiyoyin wasan suka rungumi table tennis. Da shi aka kafa hukumar wasan ta duniya a 1926, da shi kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Seoul a 1988.

To, ga darasi na farko ga 'yan makaranta. A hira ka ce ping-pong, ba laifi. Amma a jarrabawa ko takardar neman aiki, rubuta table tennis. Gwanayen wasan ma da yawa ba sa son a kira shi ping-pong, don suna ganin raini ne. 'Yan'uwanmu na ƙasashen renon Faransa su ma sun san kalmar, domin Faransanci ya are ta.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi shafarmu. Turawa sun lura cewa ƙwallon ba ta da wurin zama: wannan ya bugo, wancan ya mayar. Saboda haka duk abin da ake jefawa tsakanin ɓangare biyu ba tare da an yanke magana ba, sai su ce ana ping-pong da shi. A majalisar dokokin Birtaniya, idan ƙudurin doka ya yi ta kai-komo tsakanin zaurukan majalisar biyu, haka suke kiran abin. Haka ake faɗa game da yaron da iyayensa suka rabu, yau yana wajen uwa, gobe wajen uba. Bahaushe zai ce je-ka-ka-dawo.

Wanda ya taɓa neman takardar haihuwa ko katin shaidar ɗan ƙasa ya san wannan. Ofishi na ɗaya ya tura ka na biyu, na biyu ya mayar da kai na ɗaya. Idan wani ya ce maka ana ping-pong da takardunka, ba wasa yake nufi ba, gargaɗi ne. Ka nemi a rubuta maka sunan ofishin da ke da alhakin aikin, ka riƙe kwafin kowace takarda, ka kuma rubuta ranar da ka je.

Kalmar tana da fuska mai daɗi kuma. A watan Afrilu na 1971, bayan gasar duniya a Nagoya ta Japan, 'yan wasan Amurka suka ziyarci ƙasar Sin, alhali ƙasashen biyu sun fi shekara 20 ba sa ga-maciji. A Fabrairun 1972 Shugaba Nixon da kansa ya isa Beijing. Har yau ana kiran wannan diflomasiyyar ping-pong.

Wanda ke da kalmar da ta shige masa duhu, ya aiko mana da wasiƙa. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.